Deborah Mai Kai Muryoyi

Deborah ɗiyar Gagare ce, wani manomi daga gefen Darini. Da ta gama sakandare, ubanta ya kai ta Katsina koyon kwamfuta a shagon Malam Badamasi. Mutumin ba ya son amfani da linzamin kwamfuta. Yakan buɗe baƙin allo, wanda babu hoto ko ɗaya a kansa, ya ce mata ta rubuta wa injin abin da take so da hannunta. A wurinsa ta koyi ping, umarnin da ke ƙwanƙwasa wata kwamfuta ta nesa a ji ko za ta amsa. Ta kuma koyi rsync, mai tura kaya, wanda in layi ya yanke yakan ɗora daga inda ya tsaya.

Ta dawo Batsari ta kama ɗan shago kusa da tasha, tana buga takardu tana cajin wayoyi. Lokacin iyayenta sun riga sun baro ƙauye saboda 'yan bindiga, suna zaune a ɗakin aro a bayan coci.

Sai aka rufe layukan waya a yankin baki ɗaya, ana cikin damina. Masu 'ya'ya a kudu suka rasa yadda za su ji labarinsu. Deborah ta shiga mota ta je ta sami Malam Badamasi, suka shirya. Mutane za su zo shagonta su yi magana ta ɗauka a kwamfuta, ta kai inda sabis yake ta tura masa, shi kuma ya rarraba wa wayoyin masu su, ya tara mata amsa.

Ba ta shiga har cikin Katsina, don tana so ta komo da rana tsaka. A-kori-kurar Mati, mai ɗauko kayan miya, ita ke sauke ta a wani ƙauye kan hanya inda sabis ke fara leƙowa. Sabis ɗin ba shi da ƙarfi. Waya takan yi ta juyi ba ta aika komai ba. Sai ta buɗe kwamfuta ta sa ping, ta riƙa tafiya a hankali tana kallon allo. Inda amsa ta fara zuwa a jere, nan take zama. Yawanci kan wani falalen dutse ne a bayan masallacin garin.

Wata safiya wata tsohuwa mai suna Tani ta zo shagon, ta tako tun daga Yasore. Bayan sun gaisa ta zauna a benci.

"Ɗiyata, an ce kina kai magana Ikko."

"Ina kaiwa, Inna. Wa za a faɗa wa?"

"Jinjiri, ɗana. Ya ce zai zo yankan gero. Ki ce masa kar ya zo. Sun hana kowa shiga gona, wanda ya shiga ɗauke shi suke."

"Ke za ki faɗa da bakinki, Inna. Zai fi jin taki."

Tani ta matso kusa da injin ta yi magana mai tsawo, har da gaisuwar maƙwabta.

Ranar hadari ya haɗo, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Saƙonni suna tafiya kaɗan-kaɗan, na Tani kuwa shi ne a ƙarshe. Mati ya dawo daga kasuwa ya tsaya yana danna oda.

"Malama, taso mu tafi. Ba na bin hanyar nan bayan la'asar."

"Saura kaɗan."

"Kaɗan ɗin nan naki na san shi."

Ta dubi allo, ta dube shi, ta ce ya tafi. Ta lulluɓe kwamfutar da leda, ta sake buga umarnin duk lokacin da layi ya yanke, har muryar Tani ta wuce. Matar limamin garin ce ta ba ta wurin kwana. Washegari da ta isa gida ta tarar Gagare bai runtsa ba. Ya yi mata faɗa sosai.

A tafiya ta gaba ta sauko da amsar Jinjiri. Saƙon ya same shi ya riga ya ɗaure kaya, sai ya fasa zuwa. Tani ta saurara a shagon, ta sa aka maimaita mata, sannan ta ce, "To, gero dai ya tafi." Ta ajiye wa Deborah ƙullin daddawa ta kama hanya.

Haka Deborah ta yi ta yi har aka buɗe layukan. Daga nan mutane suka koma kiran 'ya'yansu da kansu, shagon ya koma buga takardu. Bara ta auri wani malamin firamare mai suna Daniel, suka tare a Safana. Yanzu ita ake kira in intanet ya ƙi aiki a kantin magani ko a makaranta, takan je da goyo a bayanta.