Haƙoran Inna Hajo da Guɗar da Ta Dawo

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Hajo ta Lahodu, amma har yau in na ji guɗa a gidan biki sai na auna ta da tata. Ba son kai ba ne. In Inna ta toshe hanci ta rangaɗa, masu aiki can cikin gonakin albasa sun san an fito da amarya. Daga Wurno har ƙauyukan Goronyo ake aiko mata da goron gayyata.

Sai ciwon dasashi ya kama ta. Haƙoran gaba suka yi ta girgiɗi, suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Matar da ba ta iya dariya a hankali ba ta koma rufe baki da gefen mayafi. Ta daina zuwa biki. Goronta ma sai ta gurza a magogi, cikin ɗaka, kada a gani. Abin ya ci mini rai, balle da aka sa ranar auren ɗiyata Saratu, jikarta ta fari, Inna ta ce a nemi wata ta yi guɗar.

Na ce mu je Sakkwato a sa mata haƙoran roba. Ta dube ni kamar na zage ta.

"Ke Balki, in sa haƙoran matattu ga bakina? Ran ƙiyama mai su ya taho ya ce in ba shi abinai, mi zan ce mishi?"

Ba ita kaɗai ba, duk tsofaffin unguwarmu sun yi imani daga bakin gawa ake ciro su.

Da ƙyar ta yarda ta bi ni, wai ganin ido kawai. Likitan haƙorin, wanda ko sunansa ban riƙe ba, bai yi mata dariya ba. Ya shigar da ita ɗakin aikinsu, ya nuna mata garin da ake kwaɓawa, da wani abu mai laushi kamar ƙullu da ake auna baki da shi. Ta sa yatsa ta taɓa, ta sansana.

"Ashe gini na, kamar na tukunya," in ji ta. Sannan ta buɗe baki.

Da aka sa mata haƙoran, da farko sun sha mita. Suna gogar dasashi, magana tana yi mata nauyi, sai da muka koma aka rage su. Ranar kai amarya na yi ta addu'a kada su tsinko a gaban surukai, don na san da hakan ta faru ba za ta sake fita ba. Ta tsaya a bakin zaure, ta yi bismillah, ta janye mayafi, ta toshe hanci. Wayyo, guɗa! Saratu ta fashe da kuka cikin lulluɓi, ni ma haka. Haƙora ko motsi ba su yi ba.

Yanzu a wasu bukukuwan daga lasifika ake sako guɗa. Na san da tana nan da ta taɓe baki ta ce wannan kukan ƙarfe ne. Amma da ta ji daɗin ganin tsofaffin da suka bi sawunta suna fasa goro a tsakar gida ba kunya. Likitan nan, duk inda yake, Allah Ya saka masa da alheri. Ba haƙora kaɗai ya sa ba, uwata ya mayar mini cikin mutane.

Bara haƙorana biyu na gaba suka tafi, ban yi wata-wata ba na je aka sa mini. Da Saratu ta haifi mace aka raɗa mata Hajara, ranar suna na ce bari in gwada, ni da ban taɓa yi a gaban jama'a ba. Na toshe hanci na saki. Kafin in sauke numfashi, sai Gwaggo Ige, maƙwabciyarmu da idonta ya tafi, ta ɗaga murya daga bayan zana:

"Kai jama'a! Hajo ta dawo?"

Allah Ya jiƙanki, Inna.