Filogin da Na Yanke da Hannuna

Edita, bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon ɗan fili a shafin masu karatu in sauke wani abu da ya daɗe yana cina a rai. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa. A ƙarshen shekarun 1980 ni saurayi ne mai gyaran rediyo da talabijin a Illela, da ɗan shagona na langa-langa a bakin hanyar da ta nufi iyaka. Ban tara komai ba, amma bencin da ke ƙofar shagona ba ya rabuwa da mutane. 'Yan canji in rana ta take, masu babura in babu fasinja, samarin unguwa in an sauko la'asar, duk nan suke taruwa, a sa kaset, a yi gardamar kokawa har murya ta dushe. In magana ta biyo ta kan wani abu mai waya a jikinsa, ni ake juyowa a tambaya, abin da na faɗa kuma ya zauna. Na saba da wannan girman har na ɗauka da shi aka haife ni.

A tsallaken hanya, daura da ni, akwai shagon ɗan gwaggona, wato taubashina. Sa'ana ne, a gida ɗaya muka tashi. Shi fatauci yake yi, yana shiga Ƙonni da Yamai yana ɗauko kaya, har ya iya ɗan Faransanci na ciniki. Duk wanda ya san wasan taubasai ya san ba ma raga wa juna. Tunda ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, ubangida yake kirana, amma da wata irin murya da ke sa kowa dariya, ya ce bai taɓa ganin ubangidan da yaronsa ke saya wa goro ba. Kowace shekara in watan cika-ciki ya kama, da sassafe zai tsaya a ƙofata ya miƙa hannu karɓar kuɗin shara, in ba shi ɗan abin da ya samu, ya ɗaga sama ya nuna wa jama'a yana cewa su shaida rowar ɗan namiji. Ban san ina son wannan tsiyar tasa ba sai da na rasa ta.

Wata tafiya ya dawo daga Yamai da kwamfuta. Ba irin ta yanzu ba ce. Wani faffaɗan allon haruffa ne da duk kayan cikinsa a ƙarƙashi, a jona shi da talabijin, a sa kaset a rikoda, a jira yana ƙara kamar kukan gyare, can sai wasa ya fito: wata 'yar mota tana gudu tana kauce wa duwatsu. Ya sayo ta tare da ƙaramar talabijin irin ta Nijar. Ni ya aika aka kira in haɗa masa, domin ya ce ba ya yarda wani ya taɓa masa waya in ba ubangidansa ba. Na durƙusa a bayan tebur, na ɗauki wani faffaɗan filogi mai haƙora da yawa na cusa a soket ɗinsa a bayan talabijin, hoto ya fito tangaran da launi. Wuri ya ruɗe da sowa. Da na miƙe ina kaɗe gwiwa, sai na ga duk hannunsa ake kamawa ana girgizawa, babu wanda ya ko waiwaye ni. Na tattara kayan aikina na koma shagona.

Kafin a ce me bencina ya koma wurin kwanciyar awaki. Ina zaune ina gyaran rediyo, in na ɗaga kai ba abin da nake gani sai bayan mutanena, sun yi cincirindo a ƙofar shagonsa, kowa na jiran a zo kansa. Dariyarsu tana tsallako hanya ta same ni. Wallahi na ji haushi, haushin da ban taɓa ji ba, kuma ba don ya yi min komai ba. Shi ma da kansa ya zo ya zauna a bencin nan ya ce injin ɗaya ya yi kaɗan, in ina da ɗan abin hannu in ba shi, tafiya ta gaba ya zaɓo min kayan da suka dace da juna, mu ajiye biyu wuri ɗaya, shi ya riƙa kawo kaset ni in riƙa kula da gyara. Na taɓe baki na ce ba ni da lokacin wasan yara. Ya yi dariya ya ce ubangida ya tsufa, ya tashi ya tafi. Ni kuwa a ranar na ƙudurta sai na haɗa tawa, ni kaɗai, wadda za ta sa tasa ta zama abin tausayi.

Da kwasar adashena ta zo na fara. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, ga shi lokacin naira ta soma sauka, sefa na hawa, duk abin da za ka saya a tsallaken iyaka sai ka ji a jikinka. Abu huɗu ake bukata: ita kwamfutar, talabijin, rikoda, da sandar da ake riƙewa a yi wasa. Mai hankali zai fara da kwamfutar, ya zuba mata mafi yawan kuɗinsa, sannan ya nemi talabijin da ta yarda da ita ko da ƙarama ce. Ni na san haka, domin shawarar da zan ba wani ke nan. Amma ban tambayi kaina me zai yi aiki ba, abin da na tambaya shi ne me za a hango daga tsallaken hanya. Sai na hau mota zuwa Sakkwato na sayo wata ƙatuwar talabijin ta hannu, irin tamu ta Nijeriya, mai akwatin katako, ta kusa ninka tasa biyu. Ta cinye min fiye da rabin abin da nake da shi, amma duk hanya ina shafa kwalinta ina murmushi.

Rikoda ina da ita a shago. Sandar wasa na ce zan ƙera da kaina, da guntun katako da maɓallan wata matacciyar rediyo. Saura kwamfuta. Na shiga Ƙonni na kauce wa duk dillalan da na san taubashina yana hulɗa da su, na faɗa wurin wani dattijo da ke sayen kayan Turawan da suka gama aiki za su koma gida. Yana da guda ɗaya, babu kwali, babu takarda, amma tsaf take, ya haɗa min da kaset kaɗan. Tsakani da Allah mutumin nan ya fita hakkina. Ya tambaye ni wace irin talabijin gare ni, ya ce wannan injin sai ta wajensu. Na katse shi na ce ni ne mai gyaran talabijin na Illela, ba a koya min wannan karatu. Ya ɗaga kafaɗa ya karɓi sefarsa. Na naɗe ta a tsohon zane na sa mai babur ya bi da ni ta bayan gari, ba don gudun kowa a kan iyaka ba, don kada ɗan gwaggona ya gan ni.

Kuma bakina bai bar ni ba. Kafin in gwada komai na riga na bi mutanen bencina ɗaya bayan ɗaya na ce su zo ranar kasuwa su ga yadda ake abu, su daina kallon hoto a gwangwanin madara. Ranar da safe na ja ƙofar shago na kwance zanen. Ina zaro wayar kwamfutar sai ga faffaɗan filogin nan mai haƙora da yawa. Na leƙa bayan ƙatuwar talabijin ɗina, babu komai sai ɗan ramin eriya. Duk yaron Illela ya san talabijin ta Nijar da tamu ba sa jituwa, balle ni da nake ci da wannan sana'a. Na gane filogin nan sarai, ni na cusa ɗan'uwansa a shagon da ke kallona. Na tsaya da shi a hannu ina leƙen tsallake ta kafar ƙofa. Yana zaune yana shan shayi. Da na ɗauki kayan na je, da kafin shayin ya huce an gwada. Amma sai na hango yadda zai ɗaga filogin sama ya nuna wa jama'a, ya ce ubangida ya zo bara. Na ɗauki filaya na datse shi.

Na fere wayoyin, na buɗe bayan talabijin, na ce zan kai hoton ciki kai tsaye. Na san irin waɗannan tsoffin akwatuna ƙarfen cikinsu na ɗauke da wuta, na sha gargaɗin mutane a kan haka. Amma mutane sun fara taruwa a waje, ina jin suna tambaya ko an fasa. Na liƙa abin da na liƙa da dalma cikin gaggawa, na buɗe ƙofa, na kunna. Abin da na tuna shi ne wata ƙara, da tartsatsi, da warin ƙonewa, sai na ji ni a ƙasa hannuna na dama yana zugi. Waɗanda na gayyato suka watse waje. Wanda ya fara shigowa shi ne taubashina, babu takalmi ma a ƙafarsa. Shi ya fizge wayar daga bango, ya ɗaga ni, ya riƙe hannun yana dubawa yana salati. Kwamfuta ta ƙone, talabijin ta mutu, hayaƙi na fita ta bayanta.

Da ya tabbatar ƙunar ba ta yi zurfi ba, sai idonsa ya faɗa kan guntun filogin a ƙasa. Ya ɗauka ya juya shi. Bai yi dariya ba, bai ɗaga shi sama ba. Ya ce min a hankali, wannan injin ya fi nasa, ya gan shi a Ƙonni ya yi ta zagayensa kuɗinsa ba su kai ba. Ya ce dattijon ya gaya masa ni na saya, ya yi shiru ne don kada ya ɓata min mamakin da nake shirya wa, har ya matsar da kaya ya gyara wuri a teburinsa yana jira in kawo mu gwada, ƙatuwar talabijin ɗin kuma da an samu mai musaya da ita. Sannan ya tambaye ni da irin maganarmu, wai mi ya hana ni ƙetaro hanya. Da na yi shiru, da ya wuce. Amma mutane sun dawo sun cika ƙofa suna kallo, kunya da baƙin ciki suka taso min gaba ɗaya. Na fizge hannuna na ce masa, da ƙarfi, ashe ya sani ya zuba ido yana jiran in faɗi, to ga shi ya samu abin da yake so, dama tun farko don ya kwashe min mutane ya kawo abin. Ban faɗe ta da muryar wasa ba, kuma kowa ya ji ba wasa ba ne.

Ya ajiye filogin a kan benci, ya ce wa wani mai babur ya kai ni kemis, ya tsallaka hanya. Bai yi fushin da za a ce a shiga tsakani ba. Washegari ma ya gaishe ni, ya tambayi hannu, amma sai ya kira ni Malam. Na yi ta jiran in ji ubangida, shiru. Na ce a raina ai taubashi ne, ba a ba taubashi haƙuri, da kansa zai dawo. Da watan cika-ciki ya kama na buɗe shago tun da wuri, na sa kuɗin shara a aljihun gaba, har na ninka abin da na saba bayarwa. Na gan shi ya zo ya buɗe nasa shagon, ya ɗaga min hannu daga can, ya shiga. Har rana ta faɗi kuɗin suna aljihuna. Ko a ranar ma ban tsallaka ba. Bayan 'yan shekaru harkarsa ta koma Yamai gaba ɗaya. Yanzu mun tsufa, muna haɗuwa wurin biki da ta'aziyya, yana gaishe ni da mutunci kamar yadda ake gaida baƙo.

Kuɗin adashe sun dawo, tabon hannu ya dusashe, mutanen benci ma sun komo da abin ya daina zama sabo. Wasan da ke tsakanina da taubashina ne bai dawo ba. Abin da na gane shi ne duk kayan da na saya babu maras kyau a ciki, ni ne ban zaɓe su don su dace da juna ba, na zaɓe su ne don su ƙona wa wani rai. Yau ina ganin samari suna haɗa kwamfutar wasa da ɗan abin da suka tara, kowa na leƙen ta abokinsa. Don Allah ku fara da abin da zai yi aiki, ku tabbatar wannan ya karɓi wancan kafin ku miƙa kuɗi, in kuma akwai wanda ya riga ku sani, ku je ku tambaye shi ko da zai yi muku dariya. In kun ji nasarar ɗan'uwanku tana yi muku zafi, ku ajiye filaya tukuna. Guntun filogin yana nan a cikin gwangwanin da nake zuba ƙananan kusoshi. Hanyar da ke tsakanin shagunanmu ba ta da wani faɗi, ko akuya tana tsallake ta ba tare da ta tsaya ba, amma ni ban tsallaka ba, kuma har yau babu wanda ya sake kirana ubangida.