Tulun Jirgin Kakana

Abubuwa da yawa sun same ni na manta da su, har da waɗanda a lokacin na rantse ba za su taɓa fita raina ba. Amma maganar tulun jirgin kakana, wannan kam da ita za a binne ni. Shekaru sun wuce, duk da haka idan na tuna sai in ji abinci ya fita kaina.

Kakana na wajen uba matuƙin jirgin ruwa ne, tun zamanin da gulbi ne babbar hanyar fatake a ƙasar Jega. Yakan ɗauki hatsi da kanwa ya gangara kudu, ya yi watanni bai dawo ba. Da ya rasu bai bar gona ba, bai bar shanu ba, sai tulun da yake shan ruwa da shi a cikin jirgi. Gajere ne mai faɗin gindi don kada ya kife idan jirgi ya yi tangaɗi, ga ƙaramin baki, ga kunnuwa biyu da ake zura igiya a ɗaure shi. Kyau dai babu, gaskiya. Gefe guda ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin girkin cikin jirgi, igiya ta ci kunnuwan har ta yi musu kwari, gindin ya side saboda gugar katako, bakin kuma ya ɗan ɓalle.

Babana mai awon hatsi ne a kasuwar Jega. Ba shi da dukiyar a zo a gani, abin da yake taƙama da shi guda ne: ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ko a mudu ko a baki. Idan aka yi gardama a majalisa, shi ake tambaya. Tulun nan kuwa shi ne abin hirarsa. Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa, sai ya ji yadda kada ya taɓa bugun jirgin har tulun ya gwaru da katako bakinsa ya ɓalle.

Wata rana wani mai sayen kayan da ya zo gidanmu. Baba ya ce tulu ba na sayarwa ba ne, amma da mutumin ya roƙi ya ɗauki hotonsa, da murna ya yarda. Ya juya masa shi ta kowane gefe, ya zauna ya kwashe labarin kaf ya ba shi, har da fura aka dama masa.

Ba a yi shekara ba wani dillalin shanu, abokin wasan Baba, ya zo majalisa yana ɗaga waya sama yana dariya.

"Alhaji, ashe tsohonka jirage nawa gare shi? Ga tulunshi nan cikin waya, sun hi a ƙirga! Kowane da labarinka, har da kadan da yab bugi jirgin."

Na karɓi wayar na duba. Shafin gwanjo ne na intanet, inda ake sa kaya mutane su yi ta tayi daga ko'ina a duniya. Ga tuluna nan jere irin namu sak, baƙin gefe, ɓallin baki, komai. Wasu ma sun fi namu kama da tsoho. Aka yi ta tsokanar Baba, wai ko shi ma a can ya sayo nasa. Ya yi dariya tare da su, amma ni na san dariyar ba ta kai ciki ba. Ranar ko tuwon dare bai taɓa ba.

Ni mutum ne mai zafin kai, ba na iya barin magana ta kwana. Harkar albasa nake yi, kullum ina hanyar Aliero, a can kuma na san wani malamin tarihi mai bin diddigin tsofaffin tukwane. Na kai masa hotunan gwanjon da na tulunmu. Ya zauna ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce masu yin jabu suna binne sabon tulu a laka, su turara shi da ƙaiƙayi, su shafa masa baƙin mai, su goge shi da yashi. Amma tsufan jabu ko'ina daidai yake, har inda hannu ba ya kaiwa. Na gaskiya kuwa, inda aiki ya ci shi nan kawai yake cinyewa: kwarin igiya yana da santsi kamar an shafa man shanu, hayaƙi ya shiga jikin yumɓu hawa-hawa ba a sama kawai ba, gindi ya side ta ɓangaren da yake jingina. Ya ce a hoto namu ya yi kama da na gaske, amma sai ya riƙe shi a hannu zai iya faɗa. Muka sa rana, mako mai zuwa bayan sallar Juma'a.

Wayyo, murnar da Baba ya yi! Ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya ya gayyace su, dillalin shanun nan shi aka fara gaya wa. Daga nan ya tafi ƙauyuka sayen gero, ni kuma na koma Aliero ana lodin albasa. Gida ya rage sai Inna.

Innata 'yar Maiyama ce, daga gidan maginan tukwane. A gidansu, nuna wa baƙo tukunya mai datti daidai yake da fitowa gabansa ba ɗankwali. Kuma ta iya gyaran tsohuwar tukunya fiye da kowa a unguwarmu.

Ranar Juma'a na zo da malamin, zaure ya cika. Baba ya dawo da hantsi, ya wuce masallaci bai ko shiga ɗakinsa ba. Na shiga cikin gida ɗauko tulu, sai na tarar Inna ta naɗe shi a cikin sabon zane, tana murmushi.

"Kai shi hakanan, kada ka buɗe sai gaban baƙo," ta ce.

Na ajiye shi tsakiyar tabarma na warware zanen. Wallahi na ɗauka tulun wani ne. Ja jawur, yana sheƙi, bakinsa a cike, kunnuwansa sumul. Ta kankare hayaƙin da toka da yashi, ta cike kwarin igiya da ɓallin baki da sabon yumɓu, ta shafe shi da jar ƙasa ta goge da dutse, ta sake gasa shi a wutar kara. Aiki ne mai kyau ƙwarai, irin wanda idan a kasuwa ne za a yi rububinsa.

Malamin ya ɗaga shi, ya juya, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa. Ya dubi hoton da ke wayata, ya sake duban tulun.

"Baba, an taɓa shi kwanan nan?"

Na buɗe baki zan yi magana. Baba ya ɗora hannu a gwiwata ya matse. Shi tun kallon farko ya gane hannun wa ya yi wannan gugar, shekara da shekaru yana shan ruwa a tukwanenta.

"Ba wanda yat taɓa shi," ya ce. "Sabo na. Na asalin ya hwashe kwanan baya, ni nas sa anka gina min wanga, nay yi shiru."

Da dariya aka yi masa da ya fi mini sauƙi. Ba wanda ya yi. Dillalin shanun ma ƙasa ya duba, can ya ce yana da uzuri. Ɗaya bayan ɗaya suka sa takalma suka fita.

Na bi Inna cikin gida kamar zan tashi sama. Na same ta tsaye bayan ƙofar zaure, ta ji komai.

"Baƙo mai ilmi za ya zaka, in bari ya ishe ƙazanta ɗakin maigida? Mi za a ce da ni?" in ji ta. "Ni dai gyara niy yi nuhi."

Duk faɗan da na shigo da shi sai ya mutu a bakina.

A hanyar mayar da malamin Aliero na gaya masa gaskiya, na roƙe shi ko akwai dabara. Ya ce akwai gwajin da ake yi a gano lokacin da tukunya ta shiga wuta, amma shigarta ta ƙarshe yake nunawa, namu kuwa wannan makon ya shiga. Ya ce shi a ransa ya yarda da ni, sai dai ba shi da abin da zai riƙe ya nuna wa wani.

Da na dawo na ce wa Baba bari in je in faɗa wa mutane yadda aka yi. Ya hana ni.

"Ni in anka yi min dariya kasuwa, ina iya ɗauka. Uwarka ba ta iyawa. In mata sunka ji, har Maiyama za a kai zancen ga, kuma da shi za a san ta har ta mutu. Ka bar shi."

Na bar shi, na zauna ina kallon abin da ya biyo baya. Mutanen da a da ko kallon mudunsa ba sa yi, suka fara cewa a sake awo a gabansu. Aka daina tambayarsa idan gardama ta tashi. Bai sake ba kowa labarin jirgi ba, ko jikokinsa. Inna kuwa ta daina taɓa yumɓu, ta rame, ga shi Baba bai taɓa ce mata uffan ba balle ta samu ƙofar neman gafara. Masu gwanjo suka ci gaba da cinikinsu, ba abin da ya same su.

Ranar da Baba ya rasu, ina zaune wajen karɓar gaisuwa na ji wani daga baya yana tambayar na kusa da shi wane Alhajin ne. Aka ce masa, "Mai tulun nan na ƙarya." A hankali aka faɗa, ba da mugunta ba, kamar yadda ake kwatanta gida.

Abin da na koya ba mai daɗi ba ne. Shaidar gaskiyar tsohon abu tana cikin dattinsa da tabonsa, idan aka goge su ko da kyakkyawar niyya, rantsuwa ba ta mayar da su. Na kuma koyi cewa mutane ba sa auna mutum da tsawon gaskiyarsa. Babana ƙarya ɗaya ya yi a rayuwarsa, don ya rufa wa matarsa asiri, kuma da ita garinmu ya binne shi.