Inna Rifkatu ta tafi, Iliya bai warke ba

Labari ya same ni da safen nan ina shirin fita lakwal, makarantar da nake aiki. Inna Rifkatu ta Tsibiri ta rasu. Jiya da yamma ta yanke jiki ta faɗi a hanyar Jiratawa da buhun zogalen sayarwa a ka, kafin a kai ta likita rai ya yi halinsa.

Ban je aikin ba. Ina zaune bakin gado da waya a hannu.

Duk wanda ya tashi a majami'armu ya san ta. Ita ta koya mana waƙa a makarantar Lahadi, da muryar nan tata da ba ta taɓa hawa daidai ba, kuma ba mai ƙarfin halin gaya mata. Ranar da zan taho karatu Maraɗi ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli a tsumma, ta bi motar tana ja mini kunne a kan samari, fasinja na ta dariya.

Ɗa ɗaya gare ta, Iliya. Ajinmu ɗaya da shi, kuma ya fi mu kai nesa ba kusa ba. Yana lise, wato babbar sakandare, ciwon taɓin hankali ya kama shi. Yau da furfura a gemunsa.

Kowace Laraba a taron addu'a, in fasto ya ce wa ke da roƙo, ita ke fara miƙewa. Roƙon bai taɓa canzawa ba: Ubangiji ya warkar da Iliya. Masu neman haihuwa sun samu, masu neman aiki sun samu, sun zo sun ba da shaida. Ta fi kowa rangaɗa musu guɗa. Laraba ta zagayo, ta sake miƙewa.

Ni kam ba ni da wannan haƙurin, kowa ya sani. In na yi addu'a da safe, kafin rana ta take na fara leƙen hanya.

Akwai maganin da ke kwantar wa Iliya da hankali, daga Katsina ake kawo shi. Da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, ya yi wuya, ya yi tsada. Ga damina ta ƙi. Inna ta yi shuka ta ƙone, ta sake, ta sake ƙonewa. Daga nan muka fara jin Inna Rifkatu na yawan azumi, har ana ba da misali da ita a zumuntar mata.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a bakin farmasi ne nan Maraɗi. Zane ya kusa zagaya ta sau biyu. Na sa ta a kabu-kabu zuwa gidana a unguwar Zariya, na zuba mata shinkafa da wake. Ta ce tana azumi.

Na ce, "Inna, wannan azumin naki ba ya da ranar hutu ne?"

Ta yi 'yar dariya. "Ɗiyata, rumbu ba komi. Yunwar nan ko ina so ko ba ni so sai na ji ta. To gara in miƙa ma Ubangiji ita saboda Iliya, da ta tahi a banza."

Ta juye abincin a leda, ta ce na Iliya ne.

Raina ya ɓaci. Na ce shekara da shekaru kina roƙo, in bai amsa ba fa? Ta gyara ɗankwali ta ce, "Bai ce mini a'a ba tukuna. Ni kau ba inda za ni."

Na aika mata da gero bayan nan. Ashe rabi ta yi wa Iliya fura da shi, rabi ta sayar ta sayi magani.

Ba zan ɓoye muku ba, yau ina jin haushi. Na so in ga ranar da za ta miƙe ta ba da tata shaidar, mu ma mu yi mata guɗa. Ban gane ba, kuma ba zan yi kamar na gane ba. Ita ce ta iya jira, ni koyo nake.

Maƙwabciyarta Hajiya Barira ce ta kira ni. Ta ce tun jiya Iliya na zaune a ƙofar ɗaki yana kallon hanya. Ta kai masa fura ya karɓa, ya ajiye a gabansa, ya ce ba zai sha ba sai Inna ta zo ta yi addu'a a kai.

Hajiya ta ce, "Ni ban san irin addu'arku ba. Ku zo, yaron nan bai ci komi ba."

Yanzu zan kama hanyar Tsibiri.

Ya Ubangiji Yesu, ka karɓi baiwarka, ka ba ta hutu da ƙoshi. Roƙonta yana nan a gabanka, ba mu janye shi ba.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Iliya a addu'a. Ku roƙa masa warkarwa kamar yadda uwarsa ta roƙa. Amma na yau, ku roƙa ya yarda ya sha furar nan daga hannun wani.