Gurbin da Malam ya ajiye min a benci

"Hajiya, takarda mai sheƙi ko marar sheƙi?" Jikana ke tambayata jiya, zai kai hoton kakansa a sake bugawa. Sai na tuna baya.

A shekarun casa'in, ina fita takabar Malam na kai hotonsa tilo, baƙi da fari, wurin Bitrus mai hoto a Gumel ya ƙara masa girma. Malam na zaune a benci, ya dafa gefensa da ba kowa, kamar mai ajiye wa wani wuri.

Bitrus ya ce, "Mama, hoton mamaci, takarda marar sheƙi ta fi masa."

Na ce, "Kai, ba ni mai ƙyalli! Na gaji da zama ba kwalliya."

Na rataye shi a ɗaki. Da hantsi na ɗaga kai, sai ga fuskata cikin ƙyallin takardar, daidai gurbin nan. Na goce, na dawo, nan dai take zama. Ranar ya koma ƙasan akwati.

Na ce wa jikan, "Angona, marar sheƙi. Kakanka mai haƙuri ne, ya ci gaba da jira, ban gama cin tuwona ba."

Ku fa, wacce za ku zaɓa?