Bandi Uku Tana Kan Soro

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: a wannan labari ni ne wawan. Ba a tilasta mini ba, ba a yaudare ni ba. Da furfurata da karatuna na aji huɗu na lakwal, wato makarantar boko, na shiga, da ƙafafuna kuma na hau tsani.

Amma a yi mini adalci. Shekara arba'in da ɗoriya, a unguwarmu nan Matameye, in dai maganar kamo murya daga iska ce, ni ake nema. Na san a rediyo mita goma sha shida da hantsi take fitowa. Na san talatin da ɗaya sai rana ta yi sanyi. Arba'in da tara kuwa ba ta son gaggawa, lallaɓo ta ake yi da ɗan yatsa kamar mai cire ƙaya. Ni na koya wa mutane ɗaura waya a eriya a kai ta kan dogonyaro, ni na koya musu shanya pil, wato batir, a rana. Har daga Kance an taɓa kawo mini rediyo mai mura, ya koma gida yana magana garau. Mutumin da ya yi wannan suna, salula ba za ta zo da tsufansa ta raina shi ba. Haka na ɗauka.

Autarmu tana aure a Arlit. Haihuwar fari gida ya kamata ta zo, sai likita ya hana ta doguwar hanya. Mai ɗakina ta so ta je, gwiwoyinta suka ce ba da su ba, ko makewayi da sanda take zuwa. Sai surukinmu ya aiko mana da salula babba mai gilashi, irin wadda ake ganin mutum a ciki. Ranar da aka haihu, ɗa namiji, surukin ya kira. Fuskar ƴarmu ta fito, ta buɗe baki za ta ce Inna, sai ta daskare a haka, ido ɗaya a rufe, baki a karkace.

Tsohuwa ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Shanyewar ɓarin jiki!"

Da ƙyar muryar yarinyar ta shawo kanta cewa lafiya lau take. Muryar tana zuwa, hoton ne ya ƙi. Surukin ya ce zai turo hoton jaririn bayan suna. Tsohuwa ta ce ba ta so.

"Hoto ba ya hamma. Ni so nake in gan shi yana motsi, in ga yadda take tallafe masa wuya. Yarinyar nan ko tulu ba ta iya riƙewa ba."

Ta juya ta fuskanci bango. Shekara da shekaru muna tare, na san in ta fuskanci bango kuka take yi. A nan na yi alkawari. Na ce ranar suna za ta gan shi, a ɗakinta, a kan tabarmarta, ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. Da na tsaya a "za ta gan shi", da ban sami abin rubutawa ba.

Washegari na tafi tasha wurin mai gyaran salula. Magidanci ne mai iyali, amma a idona yaro ne.

"Baba, salularka lafiyarta lau," in ji shi. "Reso ne, wato sabis. Anten ɗin can, dogon ƙarfen da kake hange, ba a hanya ɗaya yake watso magana ba, bandi-bandi ne. Wata murya kawai take iya ɗauka, wata har da hoto."

"Bandi? Wato kamar mita-mita na rediyo?"

"Kusan haka."

Wannan "kusan" a tasha na bar shi, ban zo da shi gida ba.

Ya danna tauraro, ya danna wata alama mai kama da gidan dara, ya bi da lambobi. Gilashin ya yi baƙi, rubutu ya cika shi kamar tururuwa. Ya nuna mini layi ɗaya da farce.

"Nan za ka duba. A garin nan, in ka ga takwas, murya ce kawai. In ka ga uku, ga hoto. Ka ga nan uku ce, don muna gindin anten. Mafi sauƙi, Baba, ranar suna ka ɗora Inna a amalanke ka kawo ta. Zan share mata benci."

"Matata? A tasha? Tsakanin ƴan kamasho da masu sayar da rake za ta ga jikanta?"

"To Allah ya ba da sa'a. Amma don Allah dubawa kawai. Kada ka taɓa komai a ciki."

"Kai, tun kana tsumman goyo nake kama arba'in da tara."

Na rubuta lambobin da bik a cikin hulata, inda ba mai sacewa.

Na sayi sabon kaye, littafin rubutu, na zana gidana ɗaki-ɗaki, na fara kewaye. Ɗakinta, takwas. Ɗakina, takwas. Madafa, takwas. Turken awaki, takwas. A makewayi uku ta leƙo sau ɗaya, tsawon ƙiftawar ido, ta ɓace. Na tsuguna ina jiran ta dawo har ƙafata ta mutu. Da na fito na tarar an jiƙa mini kanwa a kwano, an ajiye a bakin ƙofa ba tare da an tambaye ni komai ba. Na shanye. Mai bincike ba ya tsayawa bayani.

Ran na uku na jingina tsani na hau soron zaure. A kusurwar da ke duban tasha, daidai bakin indararo, na danna lambobin. Uku. Na matsa taku ɗaya, takwas. Na dawo, uku. Na yi kabbara har maƙwabcinmu Alhaji ya leƙo ta katanga.

"Malam, wata ake dubawa da rana tsaka?"

"Alhaji, ka ci gaba da awon gyaɗarka. Wannan ba fanninka ba ne."

A ranar na rubuta sakamakon bincike a kaye, yana nan har yau. Takwas talaka ce, ba ta da girman kai, duk inda aka shimfiɗa mata zama take yi. Uku ƴar gata ce, ba ta shiga ɗaki, ba ta son hayaƙin murhu, sai bisa. Aikin da ya rage guda ne: a sauko da ita.

Na fara da abin da na sani. Na ɗaura wayar tagulla a indararo, na ja ta tsakar gida har ɗakin tsohuwa, na naɗe salula da ita zagaye bakwai. Takwas. Na jiƙa ƙasa na soka ɗaya bakin, yadda nake yi wa rediyo. Takwas. Kafin la'asar an shanya zannuwa biyu a kan wayar.

Sai na ce tun da ba ta bin waya, a ɗauko ta. Na hau da kwanon sha mai murfi. Na jira uku ta zauna sosai, na sa salula a kwano, na rufe da sauri, na sauko. Na buɗe a gaban tsohuwa. Takwas. Na koma na sauko a hankali, ina ɗaga murfi a kowane mataki. Mataki na farko tana nan. Na biyu tana nan. Na uku ta tsere. Na gwada saukowa da sauri, na kusa karya ƙugu. Na gwada lulluɓe kwanon da bargo. Na liƙe bakin murfin da ƙullu. Na gwada saukowa ina waƙe-waƙe kamar ba abin da na ɗauko, ko za ta shagala. Duk a mataki na uku take sauka, kamar fasinjan da ya san unguwarsu.

Tsohuwa tana zaune a inuwa tana tsince wake, tana ƙirga hawa da saukata. Na zauna kusa da ita na yi gyaran murya.

"Na yi wani tunani. Igiyar guga tana nan, ƙwaƙƙwara ce. In aka kafa itace a bisa, aka sami babban kwando..."

"Malam."

"Na'am."

"Ni buhun gyaɗa ce?"

"Misali ne."

"A kira mai amalanke ranar suna. Ni ban ƙi tasha ba. Kai ne ka ƙi."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi. Na ce ta ba ni kwana ɗaya.

Jajibirin suna na hau soro da hantsi, na shiga baƙin gilashin nan, na yi abin da aka roƙe ni don Allah kada in yi. Na danna nan, na danna can, wata ƙofa ta buɗe wata, sai ga bandi-bandin a jere, kowace da ɗan akwatinta da alama a ciki. Nan ilimin shekara arba'in ya motsa. Rediyo, inda ka bar allura nan take kwana. Me ya sa salula take komawa takwas? Don ta ga akwai takwas. A sallami takwas, dole ta riƙe uku ko tana so ko ba ta so. Na bi su ɗaya-ɗaya na sallame su, na bar uku ita kaɗai.

Na sauko ba kwano ba bargo. A mataki na uku na duba. Babu takwas. Na yi murmushi. Na duba da kyau, babu uku ma. Ba reso ko ɗigo. Na ce baƙunta ce, zuwa gobe za ta saba da ƙasa.

Gari ya waye ba ta saba ba. Salular da a da ko a turken awaki takan yi kuka, yau shiru. Na cire hula in koma in maido da takwas bakin aikinta, na tarar zufar kwana biyar ta mai da lambobin shuni. Na garzaya tasha, shagon a rufe, aka ce ya tafi Ɗan Barto sarin kaya. Na dawo na sami tsakar gida cike da matan unguwa, an zo taya tsohuwa ganin jika. An shimfiɗa tabarmi, ta sa zaninta na salla, ta sa kwalli.

"Ina mai amalanken?" in ji ta.

Na ce bari in hau sau ɗaya tak, in gaya wa surukin ya dakata zuwa azahar, sai mu tafi tasha. Ina kaiwa bakin indararo salula ta ɗauki kuka.

"Baba, ina kwana?" in ji surukin. "Sai yanzu! Tun asuba muke nema ba ta shiga. An raɗa suna lafiya. Baba, tun jiya aka ɗauke mana kuran, ba wutar caji, saura kaɗan salulata ta mutu. Ga shi nan, a ba Inna."

Sai ga shi. Ba daskarewa, ba karkacewa. Ɗan mitsitsi, ja, an aske kan, hannu a dunƙule kusa da kunne. Na ga ƴata ta rame kaɗan, tana dariya, tana leƙen bayana ko za ta hango uwarta. Abin da ke bayana sama ce da shirwa guda.

"Ga shi! Ga shi nan!" na ƙwala.

Mata suka miƙe. Tsohuwa ta dogara sanda ta zo gindin zaure, ta sa hannu ta kare rana. Na kwanta rub da ciki, na miƙa salula ƙasa iya tsawon hannuna. Hoton ya tsaya cak. Na janyo, ya dawo. Na sake miƙawa, ya tsaya. Abin da take gani daga can ƙasa ƙyallin gilashi ne kawai.

"Bar shi a nan, kada ya yanke," ta ce. Muryarta ta sauya. "Faɗa mini. Ta tallafe wuyan?"

"Ta tallafe."

"Da hannu ko da gwiwar hannu?"

"Da... duka biyu."

"Ƙarya kake. Duba da kyau."

"Da hannu. Tsaya, tsaya, yana hamma! Wallahi hamma yake yi!"

Tsakar gida ta ɗauki guɗa. Ita ba ta yi ba. Ta goge ido da bakin mayafi, kwallin ya ɓata mata kunci. Matar Alhaji ta dafa ta, tana son ta ba ta dariya, irin wasan da ake yi wa kaka da jikanta namiji.

"Haba amarya, ranar ganin ango ake kuka? Malam, faɗa mana, da wa angon nata yake kama?"

Surukin yana cewa saura ƙiris. Na ƙura ido. Goshin nan mai faɗi, kunnuwan nan da suka buɗe kamar faifai. Na miƙe tsaye a kan soro, na gyara hula, na ɗaga murya yadda har gidan Alhaji za a ji.

"Ni ya kwaso! Kamar an tsaga kara, ni ne sak!"

Tsohuwa ta sauke hannunta daga goshi, ta juya sandarta wajen ɗaki.

"To sauko, Malam, na gan shi. Kuma ka gaya musu na fasa auren. Sau ɗaya aka cuce ni da wannan fuska, ba za a yi na biyu ba."