Idon Macijin Banten Baba

Shekarar da rijiyoyin Dogo-Dogo suka ƙafe, Baba ake zurawa da igiya ya ƙara musu zurfi. Daga shi sai bante, farin saƙi. Kaka ce ta kaɗa zaren, ta kai wa masaƙi, sannan ta ɗinka maciji da baƙin zare a gefensa. Macijin ba ido. Ni kuwa aikin da ba a ƙarasa ba haushi yake ba ni. Na tarar da banten a shanya, na ɗauki allura na yi masa ido, ɗinki uku.

Bayan isha'i muka kewaye wutar kara.

"Ga ta nan tafe," in ji Kaka, "mai tsoro ya matso jikina."

Wai wani mai haƙar rijiya ne, uwarsa ta yi masa bante mai makahon maciji, don macizan ƙasa su ga ɗan'uwansu su ƙyale shi. Matarsa ta ce wannan ai ƙyuya ce, ta sa ido. Aka zura mijin. Macijin ya waiga ya ga danginsa a ramukan bango, ya fara warwarewa daga saƙin, zare-zare, yana kiransu. Da aka jawo igiya, ba nauyi.

"Ya mutu?" na ce.

"Ke uwar gaggawa, wa ya shiga ya gano miki?"

Ban runtsa ba. Kafin in yi ƙarfin halin buɗe baki, Baba ya yi asuba ya fita. Na tarar da Kaka tana kaɗi, na faɗa mata abin da na yi wa banten. Ba ta dake ni ba, abin da ya fi firgita ni ke nan. Ta yar da mazari, ta zari aska, ba takalmi ta kama hanyar rijiya, ina binta. Ta sa aka jawo Baba, maza na ta dariya, ta durƙusa ta tsinke ɗinkin idon.

Da na shiga kwaleji a Magariya, na zo hutu na gaya mata kai tsaye: ruftawar bango ke kashe mutum, ba zare ba.

"Na sani," ta ce. "To me zan ba shi in za a zura shi? Igiyar ba a hannuna take ba."

Lokacin na ɗauka ta rasa amsa ne. Sai yanzu na gane ni ce na rasa.